Sharhi kan cire turmin ƙarshe na ƙasa: aikin ya yi kyau, bayanin jinya ne ya yi kaɗan

An cire mini turmin ƙarshe na ƙasa, wanda wasu ke kira haƙorin hankali, a wani asibitin haƙori mai zaman kansa. Hukuncina a taƙaice: likitan ya iya aikinsa, wurin da tsafta, kayan aiki a gabana aka ɓare su daga leda. Inda suka gaza shi ne bayanin yadda mutum zai yi jinyar kansa a gida. Aikin bai kai awa ɗaya ba, jinyar kuwa ta mako ɗaya zuwa biyu ce, amma bayanin da ake yi a kanta bai wuce na minti biyu ba, shi ma a lokacin da bakin mutum ya mutu da allura, ga auduga a tsakanin haƙora, ba ya iya tambayar komai. Yawancin wahalar da mutane ke sha bayan cire wannan haƙori daga nan take farawa.

Turamen ƙarshe guda huɗu ne, biyu sama biyu ƙasa, su ne ke cika haƙoran babba 32, kuma galibi tsakanin shekara 17 zuwa 25 suke fitowa. Da yake su ne ’yan auta, sau da yawa sai su tarar babu wuri. Wani ya fito rabi, dasashi ya rufe rabinsa, abinci ya riƙa maƙalewa a ƙarƙashin fatar yana ruɓewa, wurin ya kumbura, ya lafa, ya sake kumbura. Wani kuma ya kwanta a cikin ƙashi yana tokarin maƙwabcinsa har ya ɓata shi. Wanda ya fito a miƙe, buroshi na kai masa, ba ya ciwo, babu dalilin taɓa shi.

Abin da na fi yaba wa asibitin shi ne ba su taɓa haƙorin ba sai da aka ɗauki hoton da ke nuna muƙamuƙi gaba ɗaya. Wannan ba neman kuɗi ba ne. Akwai jijiyar da ke bi ta cikin ƙashin muƙamuƙin ƙasa, ita ke sa mutum ya ji taɓi a leɓen ƙasa da haɓa, kuma saiwar turmin ƙarshe kan zauna dab da ita. Hoton ne ke nuna wa likita tazarar da ke tsakani da yadda saiwar ta lanƙwashe. Duk inda aka ce za a cire haƙori kwantacce ba tare da hoto ba, a nemi wani wuri. Idan saiwar ta rungumi jijiyar, gara a tafi sashen tiyatar baki da muƙamuƙi na asibitin koyarwa, irin na Malam Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. A asibitin da na je sun kuma auna hawan jini, sun yi tambaya kan ciwon suga, sikila, gyambon ciki, juna biyu da magungunan tsinka jini. A amsa waɗannan da gaskiya, domin su ke sauya maganin da za a rubuta. A ci abinci sosai kafin a je in dai allurar kashe wuri za a yi, don bayan aikin cin zai yi wuya.

Allurar tana da ɗan zafi na daƙiƙoƙi, daga nan rabin leɓe da rabin harshe su yi nauyi. Ana jin dannawa da jijjiga amma ba a jin zafi. In an ji zafi mai tsini a ɗaga hannu a ƙara allura, ba jarumta ba ce a daure. Ga haƙori kwantacce, likita na tsaga dasashi, ya ɗan rage ƙashin da ya rufe shi da injin da ke fesa ruwa, ya raba haƙorin gida biyu ko uku, ya fitar da su ɗaya bayan ɗaya. Akwai wata ƙara ta “ƙas” da ake ji har cikin kunne lokacin da haƙorin ya rabu. Tana tayar da hankali, amma haƙorin ne ya tsage yadda aka so, ba muƙamuƙi ba. Sai a wanke ramin, a yi ɗinki biyu ko uku, a sa auduga a ce a cije.

Daga nan aikin ya dawo hannun mai haƙori, kuma duk jinyar a kan abu ɗaya take: gudan jinin da ya daskare a cikin ramin. Shi ne murfin da ya rufe ƙashi da jijiyoyi, kuma a cikinsa sabon nama zai tsiro. In ya zauna, an warke cikin sauƙi. In ya fita ko ya narke, an shiga uku. Kowace doka da za a ji, dalilinta ke nan.

A cije audugar da ƙarfi na minti 30 zuwa 45, ba magana, ba cirewa a duba. Yawan dubawa shi ke hana jinin tsayawa. In an cire har yanzu yana zuba, a naɗe sabuwa, a ɗan jiƙa ta da ruwa mai tsabta don kada ta manne ta fizgo gudan jinin, a ɗora ta a kan ramin kansa, a sake cijewa rabin awa. In auduga ta ƙare, ganyen shayi na ƙulli da aka jiƙa aka matse yana yi, har ma yana taimaka wa jini ya daskare. Miyau mai launin ja-ja a yini na farko ba zubar jini ba ne. Ɗigon jini kaɗan kan rina miyau mai yawa. A haɗiye shi, ko a bar shi ya zuba a tsumma. Tofarwa da ƙarfi ita ce ke tsotso gudan daga ramin.

Cikin awa 24 na farko ba a kurkure baki, ba a tofar da miyau, ba a shan abu da tsinken zuƙa, ba a shan abu mai zafi. Ga alwala, wadda babu wanda ya yi maganarta a asibitin alhali sau biyar ake yinta a yini: a sa ruwa kaɗan a baki, a karkata kai a bar shi ya zubo da kansa, ba jujjuya shi da kumatu, ba fesarwa. Sujada kan sa wurin ya riƙa bugawa a rana ta farko da ta biyu, don haka a sauka a hankali, a taso a hankali. Sigari da shisha a ajiye su aƙalla kwana uku, mako guda ya fi, saboda zuƙar na janye gudan, hayaƙin kuma na rage jinin da ke zuwa wurin. Goro ma a haƙura da shi, ɓarɓashinsa na cika ramin. A kwanta da matashi biyu don kai ya ɗaga, a bar ɗaukar kaya masu nauyi da motsa jiki na kwana biyu zuwa uku. Kada a ci komai sai allurar ta sake, wato bayan awa biyu zuwa huɗu, domin mutum na iya tauna leɓensa ko harshensa har ya ji rauni bai sani ba.

Maganin ciwo a sha shi tun allurar ba ta gama saki ba, kada a jira zafi ya taso. Abin da aka saba rubuta wa babba mai lafiya shi ne ibuprofen miligiram 400 duk awa shida zuwa takwas bayan an ci wani abu, da farasitamol miligiram 1000 duk awa shida, kada ya wuce miligiram 4000 a yini. Haɗa biyun ya fi kowannensu shi kaɗai aiki. Mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai juna biyu da wasu masu asma ba sa shan ibuprofen sai likita ya ce. Kada a haɗa shi da diclofenac, dangi ɗaya ne, cikin mutum ne zai ji jiki. Asfirin na ƙara zubar jini, kuma da yawa daga magungunan ciwon kai da na gajiya da ake saya a kemis suna ɗauke da shi ko da farasitamol a ciki, don haka a karanta kwalin. Ɗora ƙwayar magani a kan dasashi ƙona naman take yi. Idan an rubuta maganin ƙwayoyin cuta, irin amoxicillin da metronidazole, a shanye shi yadda aka rubuta. In ba a rubuta ba kada a je a saya, ba kowane cirewa ke buƙatarsa ba.

Kumburi na tsorata mutane saboda ba ranar aikin yake cika ba. Yana ƙaruwa har rana ta biyu ko ta uku, sannan ya fara sauka. Wanda ya tashi rana ta uku ya ga kuncinsa ya fi jiya girma, bai lalace ba. A yini na farko da na biyu a naɗe ƙanƙara a tsumma, a ɗora a kunci minti 20, a cire minti 20. Daga rana ta uku sai a koma gashi da tsumma mai ɗumi. Baki kan ƙi buɗewa sosai, wani lokaci yatsa biyu ma da kyar; wannan na saki cikin kwana 7 zuwa 10, kuma buɗewa da rufewa a hankali bayan gashi na taimakawa.

Bayan awa 24 sai a fara ruwan gishiri: rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, ba mai zafi ba. A guntsa, a karkata kai wajen ramin, a riƙe kamar rabin minti, a bar shi ya zubo. A yi bayan kowane cin abinci da kafin barci, har mako guda. Cika gishiri ba ya ƙara sauri, raɗaɗi kawai yake jawowa. Sauran haƙora a ci gaba da goge su da buroshi mai laushi tun daga washegari, a kauce wa ramin kawai. Mutane da yawa kan daina goge baki gaba ɗaya don tsoro, sai datti ya taru, wurin ya ƙara ciwo. Asuwaki kada ya kusanci ɗinkin.

Abinci a kwanakin farko: koko ko kunu da ya huce, fura da aka dama ta yi laushi sosai, nono, ƙwai, ayaba, faten dankali, tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa marar yaji, ana haɗiye ƙananan loma. A tauna ta ɗaya ɓangaren. A nisanci kilishi, tsire, ƙuli-ƙuli, gyaɗa, aya, riɗi da dambu, sannan rake da ake tsotsa. Shinkafa ma tana da matsala, ƙwayarta na faɗawa ramin ta zauna daram. In hakan ta faru ruwan gishiri ne maganinta, ba tsinken sakace ba, ba kuma harshe ba. A sha ruwa da yawa. Wanda ke da zaɓin lokaci kada ya sa aikin a cikin azumi, domin magungunan na son abinci da ruwa a kan kari.

Wajen rana ta uku zuwa ta biyar, in aka haska da fitilar waya, za a ga saman ramin ya yi fari-fari ko ruwan toka, da laushi kamar jiƙaƙƙen tuwo. Da yawa kan ɗauka mugunya ce ko abinci, su sa hannu su goge. Sabon nama ne ke tsirowa. In babu ƙarin ciwo, babu zazzaɓi, a bar shi.

Matsalar da ta fi yawa ita ce bushewar rami, wato gudan jinin ya fita ko ya narke ya bar ƙashi a buɗe, kuma ta fi samun turmin ƙasa, da masu shan sigari, da mata masu shan ƙwayar tsarin iyali. Alamarta ba ta ɓuya: ciwon ya fara sauƙi, sai tsakanin rana ta biyu zuwa ta biyar ya dawo da ƙarfi, yana bugawa, yana harbawa zuwa kunne da gefen kai, baki na wari, magani ba ya taɓa shi. In aka duba sai a ga ramin fayau, wani lokaci har ƙashi na nunawa. Ƙara yawan ƙwayoyi ba ya magance wannan. A koma asibiti, likita zai wanke ramin ya cusa wani magani mai ƙamshin kanumfari, sau da yawa cikin awa ɗaya ake samun sauƙi. Zuba garin kanumfari ko man sa a gida ba daidai yake da wannan ba, yana iya ƙona naman.

Akwai alamun da ba a kwana da su. Jini ja zur da ya ƙi tsayawa bayan an cije auduga sau biyu ko uku. Zazzaɓi da mugunya. Kumburin da ke ci gaba bayan rana ta uku, musamman in ya gangaro ƙarƙashin haɓa da wuya, ya yi tauri, haɗiye miyau ko numfashi ya fara wuya. Wannan na ƙarshe na gaggawa ne, ko tsakar dare ne a tafi babban asibiti, domin yana iya toshe hanyar iska. Leɓe, haɓa ko gefen harshe da ya kwana a mace har washegari, a sanar da likita. Yawanci yana dawowa cikin makonni, amma ya kamata a rubuta a riƙa bibiya. Wanda aka cire wa na sama kada ya fyace hanci da ƙarfi na mako ɗaya zuwa biyu, in atishawa ta zo ya yi ta baki a buɗe, saboda saiwar na kusa da kogon da ke gefen hanci.

A tambaya tun a kan kujera wane irin zare aka yi ɗinkin da shi. Mai narkewa kan faɗi da kansa cikin mako ɗaya zuwa biyu, wanda ba ya narkewa ana cire shi bayan kamar mako guda, kuma cirewar ba ta da zafi. Dasashi kan rufe cikin mako uku zuwa huɗu, ƙashin kuwa sai ya yi watanni kafin ya cike, saboda haka ɗan lotsawar da harshe ke ji a wurin ba matsala ba ce. Daga ƙarshen makon farko, sirinji marar allura da ruwan gishiri na fitar da abincin da ya maƙale a ramin ƙasa. Asibitin bai bayar ba, ya kamata a ce yana cikin kayan sallama.

Kuɗin cire kwantaccen haƙori ya ninka na cirewar da aka saba, kuma hakan daidai ne, tiyata ce. A tabbatar kafin a biya ko kuɗin ya haɗa da hoto, magani, cire zare da dawowa in an sami matsala. Zan iya tura ɗan’uwana wannan asibiti saboda hannun likitan da tsaftarsu, da sharaɗin ya yi duk tambayoyinsa kafin a yi allura, ya tafi da wanda zai saurari bayanin tare da shi, ya nemi a rubuta masa dokokin jinya a takarda, ya kuma karɓi lambar wayar da za a ɗauka in jini ya ɓalle da dare.