Allurar kashe hannu da aka yi min kafin tiyata a Katsina

Wallahi da likita ya ce ba za a sa ni barci ba, hannun kawai za a kashe, sai da gabana ya faɗi. Faɗuwa na yi da mashin wajen Ƙofar Ƙaura, wuyan hannuna na hagu ya karye, wai dole sai an sa ƙarfe.

Mai allurar ya shafa min wani abu mai sanyi saman ƙashin wuya, ya ɗora na'urar sikanin yana kallon jijiyoyin a allo, sannan ya tura maganin a hankali yana ta tambayata ko ina jin wani abu. Cikin minti 20 hannun ya yi nauyi kamar icce, ina so in ɗaga yatsa ya ƙi. Aka yi aikin idona biyu, ina jin hirarsu da ƙarar ƙarfe amma zafi ko kaɗan babu, kuma ba amai ba jiri, da yamma har kunu na sha.

Inda suka gaza, ba wanda ya ce min in sha maganin ciwo kafin allurar ta sake ni. Wajen ƙarfe 2 na dare ta saki, kai jama'a, sai da na tashi ƙanena da ke jinyata ya kira nas.