Bitar Shafin logainm.ie, Rumbun Sunayen Wurare na Ƙasar Ayilan

Na shafe makonni ina amfani da shafin logainm.ie, rumbun sunayen garuruwa da ƙauyuka da tsaunuka da koguna na ƙasar Ayilan, wanda aka buɗe a shekarar 2008 bisa haɗin gwiwar Jami'ar Birnin Dublin da sashen gwamnati mai kula da sunayen wurare. Kyauta ne, kuma ba a buƙatar rajista kafin a yi bincike. Idan mutum ya rubuta sunan wuri, shafin zai ba shi sunan da Turanci da kuma harshen ƙasar na asali, wanda masu shi ke kira Gaeilge, sannan ya nuna masa wurin a taswira.

Abin da ya sa na ɗauki shafin da daraja shi ne ba ya tsayawa kan faɗin suna kawai, yana kawo hujjar da aka dogara da ita. Tushen wannan hujja yana komawa ga aikin safiyon da hukumar zana taswira ta Birtaniya, wato Ordnance Survey, ta fara a 1824 ƙarƙashin Thomas Colby, domin a tantance iyakokin filaye a daidaita haraji. An kammala taswirorin a 1846, a ma'aunin inci 6 ga kowane mil. Ƙasar tana da ƙananan yankuna sama da 60,000, kowanne kamar unguwar karkara da gonakinta, kuma dole ne kowanne ya sami suna guda a rubuce. Don haka ma'aikata suka riƙa cike littattafan suna, suna rubuta yadda masu filaye da malaman coci da tsofaffin takardu suka rubuta sunan wuri. Masanin harshe John O'Donovan, wanda ya shiga aikin a 1830, ya yi shekaru yana bin ƙauyuka, sau da yawa a ƙasa cikin ruwan sama, yana neman dattawa masu jin Gaeilge domin ya ji lafazin daga bakinsu kafin ya zaɓi rubutun da zai hau taswira.

A sunaye da dama, shafin yana jera tsofaffin siffofin sunan da shekarar kowacce, yana nuna hoton katin da masu bincike suka rubuta da hannu, wasu kuma har da muryar ɗan yankin yana furta sunan. Wannan muryar ita ce ta fi taɓa ni. Mai karatu zai gane cewa a cikin sunayen garuruwan ƙasar, Kildare asalinsa Cill Dara ne, wato cocin da ke gindin itacen oak, Derry daga Doire yake, ma'ana kurmin wannan itace, Cork kuwa Corcaigh ne, wato fadama. Rubutun Turanci ya riƙe amon kalmomin amma ya binne ma'anarsu. Duk wanda ya san yadda Sakkwato ta koma Sokoto a takardun Turawa ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba.

Shafin yana da nasa nauyin ga baƙo. Jerin majiyoyin cike yake da gajerun alamomi, irin su AL da ke nufin littafin suna na safiyo, kuma bayanai da yawa da Gaeilge suke, ga rubutun hannun wasu katunan sai an natsu ake karanta shi. Ba kowane suna ne ke da murya ko cikakken bayani ba, domin wasu lardunan an zurfafa bincikensu fiye da wasu.

Giɓin da ya fi girma shi ne na ƙananan sunaye, wato na gonaki da rijiyoyi da duwatsu da mararrabar hanya, waɗanda da yawansu taswirar 1846 ba ta ɗauka ba kuma suke bin tsofaffi zuwa kabari. An buɗe wani reshe mai suna Meitheal, kalmar da ke nufin aikin gayya, inda mazauna karkara ke saka irin waɗannan sunaye a taswira da kansu. Ɗalibin tarihi ko ma'aikacin safiyo da ke shirin tattara sunayen ƙauyukansu zai amfana ƙwarai idan ya fara da duba yadda aka tsara wannan reshe, sannan ya buɗe shafin Cill Dara ya bi siffofin sunan ɗaya bayan ɗaya.