Duel da Gone in 60 Seconds: abin da ya raba kan masu kallo

Ɗan uwa, ka ce an ba ka sunan tsofaffin fina-finai biyu na guje-guje da mota waɗanda aka yi da ƙaramin kuɗi, Duel na 1971 da Gone in 60 Seconds na 1974. Ka bi ra'ayin waɗanda suka kalla, sai ka tarar wani na rantsuwa bai taɓa ganin irinsu ba, wani kuma na cewa barci ya kwashe shi tun ba a je ko'ina ba. Kana tambayar wa za ka gaskata, kuma wanne ya cancanci ka ba shi darenka.

Kowane ɓangare gaskiyarsa yake faɗa. Sai dai ƙorafin da ake yi wa Duel daban yake da wanda ake yi wa ɗayan, kuma duk ya samo asali ne daga inda kowane darakta ya zuba ɗan abin da ke hannunsa.

Duel aikin Steven Spielberg ne, yana ɗan shekara 24, tun duniya ba ta san sunansa ba. Don talabijin aka yi shi, tashar ABC ta Amurka ta nuna shi a watan Nuwamba na 1971, an kashe masa kimanin dala 450,000, an kuma gama ɗaukarsa cikin kusan mako biyu. Labarin bai fi a faɗe shi da numfashi ɗaya ba. Wani ma'aikacin kamfani a cikin jar Plymouth Valiant yana ratsa hamadar Kalifoniya, ya wuce wata tsohuwar tankar mai da ke tafiya a hankali tana turnuƙe shi da hayaƙi, shi ke nan direban tankar ya sa shi gaba. Har fim ya ƙare ba a nuna fuskar direban ba. Hannu za ka gani ta taga, sai takalmi a ƙasa.

Gone in 60 Seconds kuwa mutum ɗaya ne ya ɗauko shi a ka, H. B. Halicki, wanda sana'arsa ta motoci ce, ba fim ba. Shi ya tsara, shi ya zuba kuɗi, shi ya ba da umarni, shi ne jarumi, shi ne kuma ke riƙe da sitiyari a wuraren da ake sayar da rai. Labarin ɓarayin mota ne da aka ba su kwangilar sato motoci 48, kowace an laƙaba mata sunan mace, wadda ta fi ba su wahala ita ce Ford Mustang mai suna Eleanor. Ƙarshen fim ɗin tsere ne da 'yan sanda na kusan minti 40 wanda ya taso daga Long Beach, kuma motoci 93 aka lalata kafin a gama aikin.

To ga inda aka rabu. Spielberg ya san ba shi da kuɗi, sai ya rage labarin har ya zo daidai da aljihunsa: jarumi ɗaya, mota ɗaya, tanka ɗaya, titi. Shi ya sa da wuya ka ji mai kallon Duel yana cewa fim ɗin ya yi kama da na talauci. Jar mota ya zaɓa don ta fito fili a cikin ƙurar hamada. Tankar Peterbilt ya zaɓa saboda gabanta ya yi kama da fuska. Yana sa kyamara ƙasa-ƙasa kusa da taya, ga bangon dutse na wucewa a baya, sai tankar ta yi kamar tana gudun da ya fi wanda take yi. Masu yabon fim ɗin sukan kawo wurin da jarumin ya tsaya a wani gidan cin abinci, ya hango tankar a fake a waje, ya shiga bin ƙafafun mutanen da ke zaune ɗaya bayan ɗaya yana neman takalmin da ya gani. Babu gudu a wurin, babu karo, amma gabanka sai ya faɗi. Ni kuwa abin da ya fi burge ni shi ne tiyon lagireto. Tun farkon fim wani ma'aikacin gidan mai ya ce wa jarumin tiyon na son canji, ya share zancen yana ganin neman kuɗinsa ake yi. Can kusa da ƙarshe, a kan hawa, tanka na bayansa, mota ta ɗau zafi, tururi ya turnuƙe, gudu ya riƙa raguwa. Wannan tashin hankalin kusan kyauta aka same shi.

Masu kushe Duel ba kuɗi suke magana a kai ba. Cewa suke abu ɗaya ake ta maimaitawa: a gudu, a tsaya, tanka ta sake ɓullowa. Wasu na tambaya ta yaya tanka za ta riƙa cim ma ƙaramar mota, wasu na cewa me ya hana shi juyawa ya koma gida. Akwai waɗanda maganar zucin jarumin ke ƙosarwa, da waɗanda suka ji haushin an tashi ba a gaya musu laifin da ya yi wa direban ba. A kan tsawon, suna da ɗan abin kamawa. Na talabijin minti 74 ne, sai da za a kai shi sinimomin Turai aka ƙara masa wasu wurare ya kai minti 90, kuma shi ne wanda mafi yawan mutane ke gani yau. A cikin ƙarin har da mashigar jirgin ƙasa, inda tankar ke tura motar daga baya jirgi na wucewa, wadda ni ba zan so a cire ba. Zancen rashin dalili kuwa, ban yarda da su ba ko kaɗan. Da an bayyana dalilin, da tankar ta koma tanka kawai.

Halicki bai rage komai ba. Ya tattara duk ƙarfinsa ya jibge a ƙarshe, ya bar farkon fim ɗin babu mai kula da shi. Babu cikakken rubutaccen labari a hannun 'yan wasa, yawancinsu ma 'yan uwa ne da abokai. Sau da yawa za ka ga hoton mutane daga nesa, murya kuma an ɗora daga baya, ba ka ma tabbatar da mai maganar ba. Nan ne masu cewa sun yi barci suka yi barcinsu, kuma ban ga laifinsu ba. Kusan awa guda ake yi ana sace motoci ana surutu kafin a shiga abin da ka zo gani.

Amma idan aka shiga, an shiga. Ƙarfe ne ke dukan ƙarfe a kan titin gari, jiniya na tashi, gilashi na watsewa, ba a taɓa komai da kwamfuta ba don lokacin babu wannan dabarar. Akwai inda Eleanor ta ƙwace a kan babban titi ta daki turken fitila. Wannan hatsarin gaske ne da ba a shirya ba, Halicki ya ji ciwo, aka kuma bar shi a cikin fim. Tsallen da Eleanor ta yi a ƙarshe ya kai nisan ƙafa 128, ya kuma bar masa rauni a ƙashin baya. Kana kallon motar tana lalacewa a gaban idonka, daga sabuwa fil har ta koma abin tausayi, kuma tana tafiya. Masu son fim ɗin wannan suke so, kuma ba sa musun cewa farkonsa ba daɗi. Abin da suke faɗa shi ne wanda aka sake yi a 2000 da Nicolas Cage, duk da miliyoyin dalolin da ya ci da gogaggun 'yan wasa, bai ba su wannan fargabar ba, don sun san ba wanda zai ji ciwo. Fargabar ba ta banza ba ce: Halicki ya rasu a 1989 a wurin ɗaukar kashi na biyu na fim ɗin nasa.

Saboda haka idan ka ga wani ya kushe ɗaya daga cikinsu, duba abin da ya kushe. Wanda ya ce Duel ya yi sanyi, karo da fashewa ya zo nema, kuma Duel rowar su yake yi. Wanda ya ce Gone in 60 Seconds ba fim ba ne, labari ya zo nema, kuma a nan ɗin babu na kirki. Akwai kuma rukuni na uku da suka saba da fina-finan zamani inda ake sauya hoto kowane daƙiƙa biyu. Su duka biyun za su yi musu nauyi, don a wancan zamanin ana barin kyamara ta daɗe a kan mota har ka gane wa ke gaba, wa ke baya, nawa ne tazarar da ke tsakani.

Idan dare ɗaya gare ka, Duel zan ce ka kalla, tun daga farko har ƙarshe, ka ɗaga sauti don ƙugin injin tankar rabin fim ɗin ne. Gone in 60 Seconds kuwa ka kalli mintuna goma na farko don ka san su waye, idan ka ji ba za ka iya ba ka tsallaka zuwa inda Eleanor ta fito daga wurin fakin a Long Beach. Ka kuma lura da wanda ka samu: da aka gyara shi aka sake fitarwa a kan faifai, an sauya kiɗan asali da na wasu, abin da tsofaffin masoyansa ke ƙorafi a kai har yau.