GriefShare: Abin da Mako 13 Ke Yi wa Gwauruwa, da Inda Ya Gaza

GriefShare shiri ne na Kirista don waɗanda aka yi wa rasuwa. Ƙungiyar Church Initiative da ke garin Wake Forest a Amurka ce ta tsara shi, majami'u kuma su ke karɓar kayan su gudanar da shi, wasu ido da ido, wasu ta intanet. Ana zama sau ɗaya a mako har mako 13, kowane zama kimanin awa biyu. Da farko a kalli bidiyo inda fastoci da masu ba da shawara da mutanen da suka ɗanɗana rashi ke magana, sai a tattauna, sannan kowa ya tafi gida da littafin aiki mai ayoyi da tambayoyin da zai riƙa cikawa kafin zama na gaba.

A ganinmu, babban amfaninsa ga matar da mijinta ya rasu shi ne lokacin da yake samunta. Kwanakin farko gida cike yake da masu ta'aziyya. Bayan wata biyu ko uku kowa ya koma harkarsa, ita kuma a lokacin ne ɗimuwa ke sakinta, rashin ya zauna mata sosai: ɗaki shiru, barci ya ƙi zuwa, mantuwa ta yi yawa, ga takardu da hidimomin da mijin ke riƙewa sun dawo kanta. Samun rana ɗaya a mako da ta san za a saurare ta, ba wanda zai ce "ai ya kamata ki daina kuka yanzu", ba ƙaramin abu ba ne. Zaman farko ma kan wannan tambayar yake: shin abin da nake ji daidai ne? Na ƙarshe kuma yana tambayar abin da za a rayu dominsa daga yanzu.

Mun yaba da yadda shirin bai ɓoye fushi da Allah ba. Akwai zama a kan fushi, da kuma a kan makokin da ya tsaya cik ya ƙi motsawa. Wannan ya yi daidai da Littafi Mai Tsarki. Na'omi ta ce a daina kiranta Na'omi a kira ta Mara, domin rayuwarta ta yi ɗaci (Rut 1:20). Zabura 88 ta ƙare cikin duhu ba tare da kalmar farin ciki ba. Yesu ya yi hawaye a kabarin Li'azaru, alhali ya san zai tashe shi. Bulus kuwa, a 1 Tasalonikawa 4:13, bai hana baƙin ciki ba, irin na marasa bege ya hana. Gwauruwar da aka sa ta ɗauka cewa kuka rashin bangaskiya ne tana bukatar ta ji wannan, fiye da sau ɗaya ma.

Kowane zama yana tsaye da kansa, don haka ana iya shiga a kowane mako, a cike abin da ya wuce a zagaye na gaba. Da dama suna maimaita shirin gaba ɗaya, kuma muna ba da shawarar hakan, domin a zagayen farko hankali ba ya riƙe abu da yawa.

Inda ake samun matsala kuwa, yawanci a tattaunawa ne. Masu jagorancin ƙungiya 'yan sa-kai ne daga ikilisiya, ba likitoci ba. Idan jagora bai iya tsayar da mai dogon bayani cikin ladabi ba, mutum ɗaya zai cinye lokacin, mai kunya ta tashi ba ta ce uffan ba. Idan kuma ya mai da zaman wa'azi, mutane su rufe bakinsu. Sannan ƙungiyar a gauraye take: wanda ya rasa ɗa, da wadda ta rasa uwa, da gwauruwa, duk wuri ɗaya. Abubuwan da suka shafi gwauruwa kai tsaye, kamar kwanciya ita kaɗai, yadda abokai ma'aurata ke ja da baya, renon yara ba uba, da batun sake aure, ba sa samun isasshen lokaci. Akwai taro dabam na zama ɗaya da aka ware don rashin miji ko mata. Wanda ya samu, ya fara da shi. An kuma yi bidiyoyin da Turanci da misalan rayuwar Amurka, don haka mai ƙarancin Turanci za ta bukaci wanda zai zauna kusa da ita yana yi mata bayani.

Zaman farko yakan yi nauyi ƙwarai, wasu daga nan ba sa komawa. A daure a je sau uku kafin a yanke hukunci. Littafin aikin ma kada a tara shi sai daren ƙarshe. Minti goma zuwa sha biyar a rana ya wadatar, ranar da aka kasa kuma a bar shi ba tare da jin laifi ba. Akwai kuma saƙon imel na kyauta da ke zuwa kullum har kwana 365, yana da amfani ga wadda ba ta shirya shiga mutane ba tukuna.

Shirin ba ya maye gurbin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da cewa makoki mai tsanani da ya zarce wata 6 yana hana mutum gudanar da rayuwarsa ciwo ne da ake yi wa magani. Idan gwauruwa ta daina cin abinci, ko ta koma ga giya ko ƙwayoyin barci, ko tana maganar bin mijinta, a kai ta wurin likita a ranar, kada a jira zaman mako. Kafin a yi rajista kuma a tambayi jagoran mutum nawa ne a ƙungiyar, ko akwai wasu gwauraye a ciki, da kuma ko an amince cewa abin da aka faɗa a zaman ba zai fita waje ba.