Zoom B1 Four, SansAmp ko HX Stomp: amsa ga ɗan'uwa mai kaɗa bes

Ɗan'uwa, na ga tambayarka a zaure. Ka ce kana kaɗa bes mai tsirkiya biyar a coci ranar Lahadi, wani lokaci kuma a tafi da kai wurin biki. Amfilifayarka ƙarama ce ta gwaji a ɗaki, saboda haka in an fita waya kawai ake ja daga gitarka zuwa miksa, sautin kuma ya riƙa fita siriri, ba jiki. Cikin fedoji uku, wato ƙananan na'urorin gyara sautin gita da ake takawa da ƙafa, kana so ka san ko ka sayi Zoom B1 Four yanzu, ko SansAmp Bass Driver da ake yawan yabo, ko kuwa ka daure ka tara kuɗin HX Stomp na Line 6.

Tun da farko in faɗa maka inda na karkata: ga irin aikinka, B1 Four tare da ƙaramin akwatin DI, wato na'urar da ke shirya sautin gita don ya bi doguwar waya zuwa miksa. Amma sauran biyun ba na yarwa ba ne, kuma akwai wanda zan ce masa ya bar Zoom ya ɗauki ɗayansu.

Dukansu ukun matsala ɗaya suka zo magancewa. Sautin bes da muke ji a faifai, rabinsa daga amfilifaya da akwatin sifika yake fitowa. Ampeg SVT da ya fito a 1969 yana da ƙarfin wat 300, kansa kaɗai ya haura kilo 35, ana kuma ɗora shi ne a kan akwati mai sifika takwas 'yan inci goma-goma. Babu mai ɗora wannan a bayan babur ya tafi wurin biki. Shi ya sa aka ƙera fedojin da ke kwaikwayon muryarsa, ka tura ta miksa kai tsaye. Kada kuma ka ɗauka shiga miksa ba tare da amfilifaya ba aikin marasa hali ne. A situdiyon Motown da ke Detroit, a shekarun 1960, kai tsaye ake haɗa gitar mai kaɗa bes James Jamerson da na'urar ɗaukar sauti a yawancin waƙoƙi, kuma har yau masu bes na bin sawun wannan sautin.

SansAmp shi ne dattijo a cikinsu. Kamfanin Tech 21 na birnin New York ya fitar da na farko a 1989, na masu bes ya biyo baya a farkon shekarun 1990. Babu kwamfuta a cikinsa, babu allo, 'yan maɓallan murɗawa ne kawai a jikin akwatin ƙarfe. Aiki ɗaya ya iya: ya ba gitarka kauri da ɗan gurnani irin na SVT, ya miƙa wa miksa ta mafitar XLR, wato mai ƙafa uku irin ta makirufo. B1 Four kuwa, na kamfanin Zoom na Japan, ya fito a 2019. 'Yar kwamfuta ce a jikin roba, tana ɗauke da sautuka sama da sittin, ka jera guda biyar a lokaci ɗaya, ga na'urar saita tsirkiya, ga ganguna na gwaji, ga mai naɗar daƙiƙa talatin ya riƙa maimaita maka. HX Stomp ya fito a 2018, kuma ƙwaƙwalwarsa irin ta Helix ce, babbar fedar kamfanin Line 6, aka matse a ƙaramin jiki. Da farko sautuka shida yake jerawa, sabuntawar 2020 ta mai da su takwas. A kuɗin waje, Zoom na kusan dala 100, SansAmp ya ninka shi sau biyu da ɗoriya, HX Stomp kuma ya kai ninki shida.

Wani abu da masu talla ba sa yawan faɗa: muryar SansAmp tana cikin sauran biyun. A Zoom za ka same ta da sunan Bass DRV, a HX Stomp kuma ZeroAmp Bass DI. In ka zauna a ɗaki shiru da abin ji a kunne, za ka iya jin bambanci, na asalin ya fi amsa yatsa in ka danna da ƙarfi ko ka sassauta. Amma in mai ganga ya shiga, mai fiyano ya cika hannun hagu, mawaƙa goma suka ɗaga murya ta sifikun da ke gaban jama'a, wallahi kaɗan ne za su iya gaya maka wanne ke aiki. Don haka ban ɗauki sauti a matsayin abin da zai raba gardamar ba.

Abin da ya fi raba su a wurina shi ne wuta da waya.

Ka san yadda ake yi: ana tsakiyar waƙa a ɗauke wuta, a tashi janareta, a juya layi. B1 Four yana cin batir AA guda huɗu, kamfanin ya ce suna kai awa goma sha takwas, kuma yana karɓar wuta ta USB, ke nan abin cajin wayar da ke aljihunka zai riƙe shi har a tashi. SansAmp ma ba ruwansa da soket. Batir ɗaya mai bolt 9 ya ishe shi, ko kuma ya sha wutar bolt 48 da miksa ke turo wa makirufo ta cikin wayar XLR ɗin kanta. Da miksa ta dawo, shi ma ya dawo. HX Stomp ba ya aiki da batir, cajarsa ta musamman ce, kuma duk lokacin da wuta ta katse sai ya sake tashi daga farko, ka tsaya kana kallon allo na wasu daƙiƙu alhali sauran sun ci gaba da kiɗa. Ga kuma fargabar janaretan da wutarsa ke hawa da sauka, a kan na'urar da ka tara wa kuɗi wata da watanni.

Tunda ana maganar wuta, ina roƙonka da wani abu. Kada ka soka wa kowace feda cajar dikoda ko ta wata na'urar gida don kawai bakinta ya shiga. Fedoji irin Zoom da Boss bolt 9 suke so, kuma tsakiyar bakin cajarsu shi ne ɓangaren da ake sa wa alamar ragi. Yawancin cajojin gida bolt 12 ne, tsakiyarsu kuma alamar tarawa. Sokawa ɗaya ta isa ta ƙona feda.

A wajen waya ne SansAmp ya yi wa Zoom fintinkau. B1 Four mafita ɗaya gare shi, ta jak irin ta gita. Irin wannan waya in ta wuce mita biyar ko shida sai ta fara kwaso ƙugi, musamman in ta bi kusa da wayoyin wuta, kuma a yawancin wurare miksa tana can bayan ɗaki. XLR kuwa tana tafiya mita talatin da fiye ba tare da wannan damuwa ba. Maganin shi ne akwatin DI mara batir, mai taransifoma a ciki, irin Behringer DI400P mai araha ko Radial ProDI in aljihu ya yarda. Gajeriyar waya daga Zoom zuwa akwatin, doguwar XLR daga akwatin zuwa miksa. A jikinsa akwai maɓallin da aka rubuta wa ground lift, wanda sau da yawa dannawa ɗaya ke kashe ƙugin da ya hana kowa sakat. Yana kuma tsare fedarka daga waccan wutar bolt 48. Ƙananan miksoci da yawa maɓalli ɗaya ke kunna ta a duk layuka, kuma in ka haɗa feda da wayar da aka yi wa jak a gefe ɗaya, XLR a ɗaya gefen, wutar na iya shiga ta lalata mafitar. HX Stomp yana iya tura sauti mai nisa ta jak mai zobe biyu, amma shi ma na fi natsuwa in ga akwatin DI tsakaninsa da miksar da ban sani ba.

Yanzu ga inda HX Stomp ya cancanci kuɗinsa, don gaskiya ya cancanta. Buɗaɗɗiyar tsirkiyar E tana girgiza sau 41 a daƙiƙa, ta B ɗinka ta biyar kusan sau 31. Da zarar ka zuba gurnani mai yawa a kan waɗannan, nauyin ƙasa sai ya zube, gitar ta koma ƙara kawai. SansAmp ya magance wannan da maɓallin Blend, mai gauraya tsabtataccen sauti da wanda aka sarrafa, kuma yawancin sautukan gurnani na Zoom suna da irin wannan ma'auni. HX Stomp ya wuce nan. Yana raba sautin gida biyu ta inda ka zaɓa, ƙasan ya bi hanya ɗaya a matse shi ya tsaya daram, saman ya bi wata hanyar ya ɗauki gurnani ko amo, sannan su haɗu a ƙarshe. Abin da injiniyoyi ke yi a situdiyo ke nan, ga shi a ƙarƙashin ƙafarka. Yana kuma zama na'urar ɗaukar sauti ta USB in kana aiki da kwamfuta, abin da B1 Four ba ya yi. Mai kaɗa wa mawaƙa a situdiyo, ga inbata a gida, wannan nasa ne.

Sai dai ka duba abin da kake kaɗawa. Waƙoƙin yabo, hailaif, makosa. Ka saurari masu bes na Kamaru irin Richard Bona da Etienne Mbappé, yawancin abin da kunne ke kamawa tsabtar sauti ne da aikin yatsa. Abin da irin wannan kiɗa ke nema daga feda kaɗan ne: a saita tsirkiya shiru ba tare da jama'a sun ji ba, kwamfuresa ta daidaita bugun da ya yi ƙarfi da wanda ya yi sanyi, a ɗan gyara tsakiyar sauti, wani lokaci a ƙara mai sauko da murya zango ɗaya ƙasa in ana son bes irin na kibod. SansAmp ɗaya daga cikin huɗun nan kawai zai ba ka, wato gyaran tsakiyar sauti. Sauran sai ka saye su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da wayarsa da batirinsa. Zoom ya haɗa su duka, kuma da dare ka soka abin ji a kunne, ka haɗa wayar salularka ta ƙaramar mashiga, ka koyi waƙar Lahadi ba tare da ka tashi maƙwabta ba. Wannan na ƙarshen ina ba shi muhimmanci ƙwarai, domin awannin gwaji su ne ke gyara sauti fiye da kowace na'ura.

Zoom yana da nasa rauni, kuma gara ka sani kafin ka biya. Jikin roba ne, ba ya son takun ƙarfi ko a jefa shi cikin jaka tare da ƙarafa. Allon ƙarami ne, gyara abu a tsakiyar waƙa yana da wuya, alhali a SansAmp sunkuyawa kawai za ka yi ka murɗa. Gurabe biyar ɗin nan ma suna cika da wuri, tunda amfilifaya na cin ɗaya, akwatin sifika na cin wani, kuma wasu sautukan masu nauyi in ka haɗa su sai ya ce ƙwaƙwalwarsa ta cika. In kana son abin da ya fi shi ƙwari, akwai Boss GT-1B na 2017, shi ma yana cin batir huɗu sai dai suna ƙarewa da wuri, akwai kuma Boss ME-90B da Zoom B6 masu XLR a jikinsu, amma kuɗinsu ya haura sosai.

Ko wanne ka saya, saitin ne zai nuna ko kuɗinka ya yi amfani. Ka rabu da sautukan da aka zo da su daga kamfani, an cika musu ado ne don su burge mai gwadawa a shago. Ka buɗe gurbi fanko ka gina naka. In miksa za ka shiga, ka kunna kwaikwayon akwatin sifika, ko ka yi amfani da Bass DRV shi kaɗai. In amfilifaya ta gaske ka samu a wurin, ka kashe kwaikwayon akwatin, don bin ta akwati biyu kamar zuba wa miya gishiri sau biyu ne. Sautin nan siriri da kake kuka da shi kuma, kada ka yi maganinsa da ƙara ƙasa. Sifikun da ake ɗorawa a kan sanda ba sa iya fitar da girgiza 31 ko 41, wahala kawai za ka ba su. Abin da ke sa a ji bes a irin waɗannan sifiku yana tsakanin girgiza 200 da 800 a daƙiƙa, sai ɗan gurnani kaɗan wanda ba a gane shi sai an cire. Wannan ya shafi SansAmp musamman, domin ɗabi'arsa ce rage tsakiya, shi ya sa sabon samfurinsa na 2016 ya zo da maɓallin Mid mai gyara tsakiyar sauti. Mai tsohon samfuri sai ya rage Blend, ya sassauta Bass da Treble, tsakiyar za ta fito da kanta.

Ka yi saitin a wurin da za ka kaɗa, da ƙarfin da za ka kaɗa, mai ganga yana bugawa. Abin da ya yi daɗi a kunne cikin ɗaki yakan cika ƙasa da yawa in an ɗaga murya. Saiti uku sun ishe ka: tsabtatacce, mai ɗan gurnani, da mai saukar da zango. Ka daidaita ƙarfinsu ya zama ɗaya, don mai kula da miksa ya saita layinka sau ɗaya ya bar shi.

In da kana da na'urar saita tsirkiya tun da, kuma ba ka buƙatar gwaji da abin ji a kunne, da SansAmp zan ce, don zai yi shekaru yana shan wahalar hanya. Amma yadda ka bayyana halinka, ka ɗauki B1 Four da akwatin DI mara batir, gajeriyar waya mai kyau guda biyu, abin da ya rage kuma ka sa sababbin tsirkiyoyi, tunda tsirkiyar B ita ce ke fara dusashewa in ta tsufa.