Madatsar ruwan karkara: mai gudu ya samu wuri, mai iyali ya tsaya ɓangaren bango

Idan gudu ne ya kai ka madatsar ruwan nan, ba ka yi asarar mai ba. Idan kuwa iyali ka kwaso, da tsoho da yaro, to rabin wurin ne naka, kuma gara ka san wane rabin ne tun kafin ka ajiye mota. Ina zuwa ni kaɗai da sassafe don motsa jiki, ina kuma zuwa da mahaifiyata da yara a ƙarshen mako.

Hanya ɗaya ce ta zagaye ruwan. Daga wurin ajiye motoci take tashi, ta hau kan bangon dam inda aka malala kwalta, ta sauka ta koma tsakuwa, ta kutsa cikin bishiyoyi, sannan ta bi gefen gonaki ta dawo. Mai sassarfa a hankali zai ci wajen awa guda. Abin da ya fi kama ni da ita shi ne babu mota. Ba ka tsayawa tsallaka titi, ba ka shaƙar hayaƙi, ba ka waiwaye don jin hon. Gwiwoyina ma sun fi samun sauƙi a kan tsakuwar nan fiye da kwaltar cikin gari. An kafa 'yan turaku masu lamba a kowace kilomita, wanda ba shi da agogon gudu sun ishe shi lissafi.

Sai dai mai zuwa karon farko ya riƙe abu biyu. Na ɗaya, zagayen tafki ba shi da yanke. Ruwa ne a tsakiya, da ka kai rabi, gaba da baya duk tsawonsu ɗaya. Na sha tarar da mutane zaune a kan dutse a can ƙetare, ƙafa ta ƙi, suna hango motarsu a ɗaya gaɓar. Babu famfo a wancan ɓangaren, don haka ka riƙo gorarka. Na biyu iska. A kan bango babu abin da ke tare ta, tana tahowa ta saman ruwa kai tsaye ta doki ƙirji. Ni nakan dubi inda tutar bakin ƙofa ta karkata, in zaɓi hannun da zan bi yadda iskar za ta kasance a bayana lokacin da gajiya ta zo.

Inda raina ke ɓaci shi ne cikin bishiyoyin nan. Hanyar ta tsuke, ga kwanoni da ba a hango gaba, kuma masu keke da masu gudu da masu tattaki duk ita suke bi. Yawancin masu keken suna kaɗa ƙararrawa, amma akwai waɗanda sai dai ka ji iskarsu ta wuce kafaɗarka. Da an ja layi an raba hanyar, ko an kafa allo kafin kowace kwana, da an huta. Yaro ƙarami ba ya tafiya a miƙe, kowa ya sani.

Shi ya sa in na zo da iyali ba ma wuce bango. Mahaifiyata a keken guragu take fita yanzu, kuma wurare kaɗan ne zan tura ta mu yi nisa ba tare da taya ta cije a rami ba. A nan kwaltar sumul take, ga faɗi, ga kujeru jefi-jefi. Akwai wata kujera daura da hasumiyar da ake jan ruwa ta cikinta, nan take so. Takan ce, “Tsaya nan, ɗan nan, kada ka kai ni gaba.” Sai ta zuba wa wani zalɓe ido, yana tsaye a bakin ruwa da ƙafa ɗaya, wuya a lanƙwashe, har ya kai cafka ya ɗago da ƙaramin kifi yana walƙiya a bakinsa. Yara kuma suna ƙasa a filin ciyawa, inda aka kafa musu lilo da abin sulu, ina hango su daga sama.

Inuwa ce babu a kan bangon, kuma ba sakaci ba ne. Ba a barin bishiya ta girma a jikin madatsar da aka gina da ƙasa, domin saiwa tana huda ta, in bishiyar ta mutu saiwar ta ruɓe, sai ruwa ya samu hanyar tsiyaya. Gajeriyar ciyawa ake bari, a riƙa aske ta, don ma'aikata su ga duk inda ya jiƙe ko ya tsage. To, a zo da hula da lema. Banɗaki kuwa a bakin shiga kawai yake. Yana da tsabta da safe, amma ranar cunkoso layin mata kan yi tsawo, kuma wannan gyara ne da ba zai gagari masu kula da wurin ba.

Maganar da na fi so mai yara ya ji ita ce ta ruwan kansa. An hana wanka, kuma ina bayan hanin ɗari bisa ɗari. Wata rana babban ɗana ya tuɓe takalmi ya nufi gaɓa, wani ma'aikaci ya taho da sauri ya ce da ni, “Yallaɓai, a dawo da shi. Taku uku ne a nan, na huɗu babu ƙasa.” Gaskiya ya faɗa. Kwari aka datse aka tara ruwan, gefensa gangare ne mai santsi. Saman ruwan kan yi ɗumi da rana, ƙasansa kuwa sanyi ƙalau, saboda a lokacin zafi ruwa mai zurfi ba ya gaurayuwa. Ruwan da sanyinsa ya yi ƙasa da digiri 15 a ma'aunin Celsius yana sa mutum ya ja numfashi ba da niyya ba a daƙiƙun farko, in kansa na ciki ruwa zai shaƙa, ko da gwanin iyo ne. Ga bututun da ke jan ruwa daga ƙasa, ga mafitar da ruwa ke tumbatsa in dam ya cika. Wanda ya taɓa ganin hoton madatsar Ladybower ta Ingila, da manyan ramukanta biyu masu kama da bakin mazurari, ya san irin ƙarfin da ake magana.

Akwai kuma lokacin da bakin ruwan ke yin kore shar kamar an zuba fenti. Ba gansakuka ba ce ta yau da kullum, wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke yaɗuwa in an yi zafi, iska ta kwanta, takin gonaki ya gangaro cikin tafki. Wasunsu na fitar da guba mai sa ƙaiƙayi da ciwon ciki, tana kashe dabbar da ta sha. Masu wurin suna kafa sanarwa da wuri, na yaba musu a kan wannan.

In ruwa ya ja baya sosai, sai kututturan bishiyoyi da ragowar wata katangar dutse su bayyana a can gefe. Yara sun tambaye ni ko gidan wane ne, kuma babu allo ko ɗaya da ke ba da tarihin wurin. Abin ya dame ni, domin madatsu da yawa a kan gonaki da gidajen mutane suka kwanta. A Ladybower ɗin, ƙauyukan Derwent da Ashopton ruwa ya cinye a shekarun 1940, kuma a 2018 da ruwa ya ragu jama'a suka yi ta tururuwa kallon kufan Derwent. A Rutland Water, wani tafki a Ingila, sai da aka cike ƙasan cocin Normanton aka yi masa shinge da duwatsu kafin ya tsira, yau shi ne abin da baƙi suka fi ɗauka a hoto. Namu ma ya cancanci a rubuta wa ya zauna a nan. Kada dai a bar yaro ya taka wannan laka don ya je ya gani, samanta a bushe yake, cikinta na riƙe ƙafa har gwiwa.

Mai gudu ya zo da sassafe, kafin masu keke su fito. Mai iyali ya zo da hantsi ya kama kujera a bango, don da rana ta take wurin ajiye motoci cika yake yi, masu zuwa a makare har bakin gonaki suke jera motoci. A karanta allon bakin ƙofa tun da shiga, saboda lokacin rufewa yana sauyawa da tsawon yini, kuma da ƙarfen ya yi mai gadi yake sa kwaɗo.