Hattara da masu neman "ma'aikatan murya" a Facebook

Jama'ar Garwa, Marwa, Ngawundere har Kuseri, musamman matasa masu sha'awar aikin ɗora murya, ku buɗe ido. Akwai tallar da ke yawo a Facebook, wai wani kamfanin ƙasar waje yana neman masu jin Hausa da Fulatanci don karanta tallace-tallace da fassarar finafinai, kana zaune a ɗakinka, da wayarka kaɗai. Damfara ce tsagwaronta. Kama sunan shafin ba shi da amfani, don yau wannan ne gobe wancan, amma hanyarsu ba ta canzawa.

Kana yi musu magana za su mayar da kai WhatsApp, su ba ka ɗan rubutu ka karanta. Ko yaya ka karanta, amsar ɗaya ce: muryarka ta yi, an ɗauke ka. Ƙanwar wani abokina tana fama da mura, hanci a toshe, aka ce mata ba a taɓa jin murya irin tata ba. Daga nan sai sharaɗi: kamfani ba ya karɓar aiki sai an yi da kayansa, makirufo da manhaja, sefa dubu 25, a tura ta Orange Money ko MoMo, kaya zai taso daga Duwala a motar ajans.

Abin da ke jawo mutane shi ne akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Waya ko tabilet suna iya wannan aiki, mu ma masu wannan sana'a da su muke ɗaukar tallar shaguna da sanarwar biki. Sai dai babu wani mai ba da aiki na ƙwarai da zai ce sai a wajensa za ka sayi makirufo. Abin da ya dame shi kawai shi ne sautin ya fita tas, galibi a tsarin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba. Kuma wanda ya ce ka turo gwaji ta saƙon murya na WhatsApp bai san sana'ar ba, domin saƙon murya matse sauti yake yi. Masu aikin a matsayin fayil suke karɓa.

Wasu ba sa ganin kaya sam. Waɗanda suka gani kuma, na riƙe na yarinyar nan a hannuna: ɗan makirufon maƙalawa a wuyan riga ne, cikin leda, ko kwali babu. Ku dubi bakin da ake sokawa a waya ku ƙirga baƙaƙen zobban da ke jikinsa. Na waya uku ne da shi, shi ake kira TRRS. Mai biyu na kyamara ne. In ka soka mai biyu, yawancin wayoyi sai su ɗauka abin sa wa kunne ne, su ci gaba da ɗauka da makirufonsu na ciki, kai kuwa kana ta zuba murya a cikin abin da ba ya ji. Gane shi ba wuya: kunna ɗauka, ka kankare kan makirufon da farce, sannan ka saurara. Nata shiru kake ji. Ga shi wayoyi da dama yanzu ba su ma da wannan ramin, iPhone tun 2016 ta cire shi, sai da mahaɗi na daban. Babban makirufon situdiyo da suke sakawa a hoton tallar kuwa, irinsa wutar bolt 48 yake buƙata, waya ba ta bayar da ita sai an haɗa da akwatin sauti. Kallon kitse ake sa ku yi wa rogo.

Manhajar da suke sayarwa ma kyauta take a Play Store, irin su Lexis Audio Editor. Kuɗin nan da kun riƙe abinku, kun shiga ɗaki mai katifa da labule da tufafi a rataye, kun kashe fanka (na sani, a zafin Garwa na watan Afrilu wannan ma jarrabawa ce), kun sa waya a yanayin jirgi, da sautin ya fi nasu kyau.

Inda abin ya fi muni shi ne mataki na ƙarshe. Za su ce albashi ya fito, ka turo hoton katin ɗan ƙasa gaba da baya, sannan wani saƙo zai shigo wayarka, ka sa lambar sirrinka don "tabbatar da karɓa". Karɓar kuɗi ba ya buƙatar lambar sirri. Duk inda aka ce ka sa ta, kuɗi ne zai fita. Karatun da suke sa ku yi shi ma ba banza ba ne a wannan zamanin da kwamfuta ke kwaikwayon muryar mutum. Ana iya kiran mahaifiyarka da ita a nemi taimakon gaggawa.

Wanda ya riga ya tura, kada ya goge hirar. Ya ɗauki hotonta da saƙon shaidar tura kuɗin, ya canza lambar sirri yau ɗin nan, ya sanar da kamfanin layinsa, sannan ya kai ƙara kumisariya ko wajen jandarma. Dokar Kamaru ta 2010 kan laifukan intanet ta shafi irin wannan, hukumar ANTIC mai kula da fasahar sadarwa ma tana karɓar ƙorafi. Wanda ya ba da murya kuma ya gaya wa na gida, duk kiran neman kuɗi da ya zo da muryarsa, su katse su kira shi a lambarsa da suka sani.